Wa Zai Yi Wa Hunturu Shaida?



Ranar Talatar makon jiya, mun tsaya sahun Asuba, liman yana cewa a daidaita, sai wani yaro ya miƙa hannu ya kunna fanka. Ba wanda ya ce masa kanzil. Ni ma ban ce ba, don gaskiya ina jin gumi a wuyan rigata. Sai da aka sallame, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, sannan na tuna watan da muke ciki. Disamba fa, har ya raba tsakiya. A garinmu, lokacin da nake yaro, wanda ya nemi fifita da asubahin irin wannan rana sai an taɓa goshinsa an ji ko zazzaɓi ne.

Ashe ba ni kaɗai abin ya tsaya wa a rai ba. Da muka zauna teburin mai shayi, wani dattijo mutumin Daura ya ajiye kofinsa ya ce, "Jama'a, sanyi ya ƙare a duniya. Rabona da in ciro bargona daga ƙasan akwati shekara uku ke nan." Sai wani matashi cikin masu aikin ofis, yaron kirki mai ladabi, ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ba ƙarewa ya yi ba. Ku ne kuka baro shi a Daura. Nan Abuja ce." Aka yi dariya. Can sai wanda ya girme mu duka ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar zancen nan. Zafi da sanyi na Ubangiji ne, Ya bayar Ya hana. Mu namu godiya." Kowa ya ce haka ne, aka koma maganar tsadar shinkafa.

Ni kam da zancen na tafi kasuwa, da shi na dawo. Abin da ya dame ni shi ne, idan mutum ya shekara sittin yana kallon abu, sai ya lura abin ya sauya, wannan lura tasa mene ne matsayinta? Surutun tsufa ne da za a saurara don ladabi a wuce, ko kuwa shaida ce? In dai shaida ce, to kun san yadda take. Ba a ƙara mata gishiri, ba a kuma zama a kanta. Su biyun laifi ne, kuma na ga a teburin nan mun kusa aikata duka biyun kafin shayi ya huce.

Bari in fara da abin da na gani da idona, kamar yadda alƙali zai nema.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Kura, kudu da Kano, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Hunturun da na sani, da an gama girbin dawa yake sallama. Ka wayi gari ka ga rimin bakin kasuwa ya ɓace cikin hazo, rana ta fito fara fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido. Ruwan randa ya koma kamar yana cizo. Mahaifiyarmu takan tashi tun kafin assalatu ta hura kara ta ɗora ruwan alwalar mahaifinmu, mu kuwa yara sai dai mu tsoma yatsu mu shafa a fuska mu ce mun wanke. Man kaɗanya ya daskare a gwangwani, sai an kai shi bakin murhu kafin ya lakatu. Ƙafafunmu duk faso, wani har jini yake yi, leɓe ya tsattsage, ka yi dariya ka ji zafi. A makarantar allo kowa da karan da zai kawo, a hura wuta a tsakiya, gabanka yana gasuwa bayanka yana karkarwa. Da hantsi tsofaffi su jeru a jikin katangar masallaci ta gabas suna shan rana, ba mai motsawa sai ta take sosai. Akuya ma ba ta fita kiwo da wuri.

Kowane irin sanyi da sunansa. Akwai sanyin damina mai laima, akwai ɗari, busasshen nan da ke shiga har ƙashi, akwai jaura, iskar da ke kaɗa danga tana fito cikin dare. Malamin garinmu yana riƙe da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya ne kawai ke da 14, shekara ta tashi 365. In ya ce Shaula ta shiga, ko ana cikin Balda, mai lambu ya san abin da zai tarar a fadama da sassafe. Ba a rasa saɓanin kwana biyar ko mako, amma lissafin yana kamawa har mutane suka yarda su ɗora shukarsu a kansa. Kuma sanyin yakan ja, wata uku cur, wata shekarar har da ɗoriya.

Wannan shi ne abin da na gani. To amma shaida ba ta tsayawa sai an yi mata tambayoyi, kuma yaron nan mai aikin ofis ya yi tambaya mai kyau, bai kamata dariya ta cinye ta ba.

Hunturu iska ce da ke tasowa daga hamadar Sahara, ta arewa maso gabas. Da yawa daga ƙurar da ke cika mana hanci daga wani kwari take a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da. Iskar busasshiya ce, busasshiyar iska kuwa ba ta riƙe zafi. Da rana ta faɗi, zafin da ƙasa ta sha sai ya tsere sama, dare ya yi sanyi, da rana kuma ƙura ta tare wani kaso na hasken. Akwai wata iskar mai laima da ke zuwa daga teku, ta kudu maso yamma, ita ce mai kawo damina. Su biyun suna da iyaka a tsakaninsu, kuma iyakar tafiya take yi. Da damina ta hau arewa har can cikin Nijar, da hunturu ta gangaro har kusa da bakin teku. Kano da Katsina da Maraɗi su iskar hamada ke fara samu, su take bari a ƙarshe. Abuja tana kudu da Kano da tafiyar fiye da kilomita 400, saboda haka tun asali hunturunta gajere ne, ya zo a makare ya tafi da wuri. Duk wanda ya gwada Daura ta 1975 da Kubwa ta yau, ya zuba abu biyu a mudu ɗaya, sauyin zamani da sauyin wuri. Mu baƙi, wannan ce raunin shaidarmu. Tsohuwar da ba ta taɓa barin garinsu ba ta fi mu abin faɗa.

Sannan ita kanta Abujar ba wadda muka tarar ba ce. Na zo a 1992, 'yan watanni bayan gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. A lokacin, in ka bar Dei-Dei ka nufi Zuba, daji ne da gonakin Gbagyi hagu da dama, ga ƙorama, ga ɗorawa da kaɗanya. Ƙidayar 2006 ta ba Babban Birnin Tarayya mutum kimanin miliyan 1.4, yau kuwa wanda ya taɓa tsayawa a Nyanya da ƙarfe bakwai na safe ba ya bukatar a gaya masa an ninka. Siminti da kwalta da kwanon rufi suna shan zafi da rana su amayar da shi da dare. Ka kwanta a ɗakin bulo mai taga ɗaya, gini ya kewaye ka ta ko'ina, janaretan maƙwabci yana huci a bayan katanga, sannan ka ce ba ka ji sanyi ba? Yo ina zai bi ya shigo? Wani kaso na sanyin da muke cigiya mu muka binne shi a ƙarƙashin daɓe.

Akwai kuma zuciya, wadda ba ta riƙe komai daidai wa daida. Safiyar da haƙora suka yi ta kaɗawa ita ke zama a kai, safiya ɗari da suka wuce lami lafiya sun shafe. Kuma yaron da ke da riga ɗaya, ba takalmi, ba dole ya ji sanyi ya fi na kowa ba? Yau ko mai tura baro yana da rigar sanyi ta gwanjo. Bayan haka shekaru ba sa tafiya a layi. A farkon 2020 sanyi ya sauko mana nan Abuja har na ga magidanta suna ɗaura rawani ba sarauta, 'yan gwanjo suka ci kasuwa. Wanda ya ce sanyi ya ƙare a duniya ya yi ƙari, kuma ƙarin nan shi ke ba matasa damar watsar da maganar gaba ɗayanta. Ina girmama dattijonmu na Daura, amma da a gaban alƙali ne, da wannan kalma ɗaya ta rushe masa shaida.

Sai dai akwai tambayar da ake yi mana wadda ke komawa kan mai yin ta. Wai tsufa ne. Haba! Tun yaushe tsufa ya fara rage wa mutum jin sanyi? Kakata da ta haura saba'in, da kaskon wuta take kwana tun farkon kaka. In mu da jininmu ya fara ja baya ne muke kwana da fanka a Disamba, to tsufan ma sai ya zama mai goya mana baya.

In an cire wuri, an cire gini, an cire ƙarin gishiri, me ya rage? Ya rage da saura. Azumin da aka fara a ƙarshen Disamba 1997 aka yi Sallah a ƙarshen Janairu 1998, a nan Abuja na yi shi, a unguwar da nake har gobe. Na tuna muna cin sahur a lulluɓe, na tuna ana ɗora ruwan zafi a tukunya a ƙofar masallaci saboda tsofaffi. Wuri bai sauya ba a wannan gwajin. Ya kuma rage da shaidar abin da ba shi da zuciya balle ya yi begen ƙuruciya. Ƙanena yana noman alkama a yankin Kadawa, da ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Audu Baƙo. Alkama ba ta san labarin da ba. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba don ta sami daren sanyi ta yi 'ya'ya, ta kuma cika ƙwaya kafin zafi ya kama ta. In zafi ya riga ta, sai ƙwayar ta fito a tsamure, buhu ya cika amma ba nauyi. Ƙanena yana da ƙorafi kala-kala, na taki, na iri, na farashi, amma 'yan shekarun nan wanda ya fi maimaitawa a waya shi ne, "Yaya, sanyin ba ya jimawa, Fabrairu na kamawa sai ka ji rana ta canza fuska."

Ga kuma masu ma'auni, waɗanda aikinsu ke nan. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa, ta ɗara zafin zamanin da ba a fara manyan masana'antu ba da kusan digiri 1.55, kuma shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 su ne goma mafi zafi a lissafin da aka yi zuwa ƙarshen 2024. Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba ne, sai ka tuna cewa a jikin ɗan Adam shi ne tsakanin lafiya da zazzaɓi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iskar kabon da ke fita in an ƙona fetur da gas da kwal da itace tana taruwa a sama, ta hana zafin ƙasa tserewa, kamar an lulluɓe duniya da bargo. Da wani masani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a kan wani dutse a Hawai a 1958, ya sami kusan 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. A nan gida, a Fabrairun 2024, watan da muka saba lissafawa cikin wutsiyar hunturu, hukumar NiMet ta yi gargaɗin zafi, ta ce ya kai digiri 41 a arewa. Bayan 'yan makonni, ranar 3 ga Afrilu, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. Wanda ya yi wannan azumin a kasuwa ko a bakin aiki ba sai an karanta masa lamba ba.

Ke nan shaidar tsoho, bayan an tankaɗe ta an fid da tsaki, tana da gari a ciki. Hunturu bai mutu ba, yana nan yana zuwa. Amma a idona ya rage kwana, ya rage kaifi, ya kuma daina cika alkawari. To shi ke nan, mun yi gaskiya, sai mu koma shan shayi? A nan ne abin ya fi damuna, kuma jikana ne ya nuna mini.

Shekararsa tara, a Kubwa aka haife shi. Rannan ina ba shi labarin faso, sai ya ce, "Mene ne faso?" Na nuna masa diddigena, na ce nan ne ke tsagewa. Ya dube ni ya ce, "Kai tsoho, kai dai ba ka shafa mai ne." Na ce ja'iri, zan ƙwace matar da na ba ka. Muka yi dariya, amma bayan ya fita sai jikina ya yi sanyi. Na gwada shi da ɗari, bai san kalmar ba. Jaura kuwa ya zaci sunan mutum ne. A wurinsa, Disamba mai fanka ita ce Disamba. Bai rasa komai ba a saninsa, don bai taɓa samu ba. Ranar da ya kai shekaruna, in zafi ya ƙaru, da Disambar bana zai yi gwaji, ita zai kira zamanin sanyi.

Wani masanin kamun kifi, Daniel Pauly, ya yi rubutu a kan irin wannan a 1995. Ya lura cewa kowane sabon masani yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar a teku farkon aikinsa a matsayin asali, da shi yake auna raguwa. In ya yi ritaya, na bayansa ya ɗauki ragowar a matsayin asali. A haka teku za ta kusa ƙarewa ba tare da wani ya ga babbar asara ba, don kowa ɗan guntun zamaninsa kawai ya gani. Mu ma mun san wannan a kasuwa. In ana rage mudu kaɗan-kaɗan, yaron da ya taso yau zai rantse maka wannan ne cikakken mudu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya san an rage shi ne wanda ya taɓa riƙe tsohon. In ya yi shiru, cutar ta zama ƙa'ida.

Shi ya sa na ce lurar tsoho bashi ce a kansa. Lambobin masana suna nan a rubuce, amma lamba ba ta gaya wa yaro cewa akwai lokacin da man kaɗanya ke daskarewa a ɗakin kakarsa. Mu ne muka taɓa riƙe tsohon mudun, kuma muna raguwa, duk Juma'a sai an sanar da rasuwa. Ga shi kuma baƙunci ya ƙara tsinka igiyar. A ƙauye yaro yana ganin kukar da kakansa ya gani, yana jin sunan fadamar da ta ƙafe. A nan 'ya'yanmu ba su gaji ko bishiya ɗaya ba. In ba mu faɗa ba, ba abin da zai faɗa musu.

Saura maganar babanmu da ya ce a bar zancen. Ba na ja da shi cewa komai da ikon Allah yake. Amma ruwan da ya shiga gidajen mutane saboda wani ya yi gini a kan magudana, shi ma da ikon Allah ya shiga, kuma ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka kada a tambayi mai ginin ba. Godiya ba ta hana tambaya. Abin da ya sa na tsargu shi ne yadda na ji daɗin maganar tasa a lokacin, har na fi kowa saurin cewa haka ne. Da na bincika zuciyata sai na ga dalili. Shekara talatin ke nan ina sayar da katako. Duk falankin da ya bi ta hannuna bishiya ce a da. Na ga shekarun da aka yi rububin madobiya ana lodawa zuwa ƙasar Sin, ban yi ba, amma ban ce uffan ba, kuma na san waɗanda suka gina gida da kuɗin. Duk mai bin hanyar Kaduna yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, mu ne masu saye, a gidana ma da shi ake girki tun da gas ya yi tsada. Mutum irina, in an ce a bar zancen, rahama ce aka yi masa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba gawayin matanmu ne ya ɗumama duniya ba. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa na hayaƙin kabon da ake samu daga man fetur da kwal da gas, alhali fiye da mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya ɗan Afirka ne. Manyan masu laifin suna Amurka da Turai da Sin, su suka ci riba, mu muke shan zafi, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a kira shi da sunansa. Amma inuwar da ta ɓace tsakanin Dei-Dei da Zuba ba Bature ne ya sare ta ba. Ban ce zan rufe shago gobe ba, ina da iyali, ina da yara tara da ke ci a ƙarƙashin rumfar nan. Na dai ce wanda ke da hannu a cikin magana bai kamata ya zama shi ne mai neman a rufe ta ba.

Kuma kada mu mayar da hunturun da aljanna. Ya kashe mutane. Lokacinsa ne na tari da ciwon ƙirji, lokacinsa ne gobara ke cin kasuwa da rumbu, don komai ya bushe kuma kowa na kwana da wuta. A ƙurarsa da zafin da ke biyo bayanta sanƙarau ke tashi, kuma wanda ya ga 1996 a arewa, shekarar da cutar ta ɗauki rai fiye da 11,000 a ƙasar nan, ba zai yi wa rani kirari ba. Almajirin da ya kwana a zaure ba bargo, ba ya cikin masu begen sanyi. A nan Abuja ma, 'yan'uwanmu masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu kwana a kango, Disamba mai sauƙi hutu ce gare su, kuma ba ni da bakin ce musu su yi baƙin ciki. Sai dai su ɗin ne dai ke tsaye a rana a Maris da Afrilu, lokacin da ake biyan bashin wannan sauƙin da riba. Mai na'urar sanyaya ɗaki bai san an yi ko ɗaya ba.

Akwai wani ma'auni da mu muke da shi wanda ba kowa ke da irinsa ba. Watan azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, ya zagaya damina da rani ya dawo inda ya taso bayan kimanin shekara 33. Ke nan mutum ba ya samun azumin tsakiyar hunturu sai zagaye biyu a rayuwarsa, mai tsawon kwana uku. Mahaifina ya sha gaya mana cewa ranar 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna, suna cikin azumi ne, cikin ɗari, har ya ce sun ji labarin suna zaune a bakin wuta. Zagaye na biyu shi ne namu, daga 1997 zuwa 2000. Na uku yana tafe. In Allah Ya kai mu, azumin 2028 zai kama a ƙarshen Janairu, na 2029 a tsakiyarsa, a 2030 kuwa sau biyu za a ga watan, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Mai azumi ba ya manta yanayin da ya yi azumi a ciki, maƙogwaronsa ne ke rubutawa. Waɗanda suka yi na 1998 a cikinmu suna da yawa. Za su iya ajiye wancan kusa da wannan, wata ɗaya, ibada ɗaya, wasunmu ma unguwa ɗaya.

Kafin lokacin, ga roƙona. Dattawanmu, ku rubuto wa wannan takarda abin da kuka gani, ko ku sa yaro ya rubuta muku. A faɗi garin, a faɗi shekarar ko abin da ya faru a shekarar, a faɗi abin da ido ya gani da abin da fata ta ji. Wanda aka ji a bakin wani a ce ji aka yi. Kada a ce ruwa ya zama ƙanƙara a randa in bai zama ba. A tambayi iyayenmu mata musamman, don su ne masu tashi kafin kowa, su suka san ranar da aka fara ɗora ruwan zafi da ranar da aka daina. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, naku ya fi namu muhimmanci, ku ne a bakin hamada.

Ni kuma na sayi ɗan ma'aunin zafi a kantin magani, da izinin kwamiti na rataye shi a inuwar baranda, nesa da bango, na ajiye littafi mai layi da biro a kan taga. Ladan ya yarda zai riƙa rubuta lamba da kwanan wata kafin ya kira assalatu. Matsalar ita ce idonsa ba ya ganin ƙananan layukan, saboda haka jikana ya ce shi zai riƙa karanta masa ranar Asabar da Lahadi da ba makaranta. Asabar ɗin nan da ta wuce ya hau benci da tocila ya karanta, ladan ya rubuta. Da ya sauko sai ya ce, "Tsoho, ku a lokacinku lamba nawa take kaiwa?"

Na ce masa ba mu rubuta ba.